Shaidar Injiniya Mainasara

Da Khairunnisa Mati ta cika shekara huɗu tana aiki a ɓangaren hanyoyi a Daura, ta ɗaura aniyar neman rajista. Kowa a ofis Injiniya yake ce mata, har mai gadi, amma ita ta san sunan aro ne. Sai hukumar injiniyoyi ta karanta rahoton ayyukanta, ita kuma ta zauna jarrabawa, an yi mata tambayoyi baki da baki, kafin a ba ta hatiminta na kanta.

Rahoto ta gama shi tun farkon damina. Abin da ya rage shi ne manyan injiniyoyi biyu masu rajista su sa hannu cewa sun san aikinta. Shugabanta ya sa nasa yana shan shayi. Na biyun ne ya zama aiki, don ita ta kafe sai Injiniya Mainasara, wanda ya fara koya mata aikin fili. Shi kuwa tun da ya yi ritaya ya koma Mai'adua ya kama cinikin shanu, waya ma ya ƙi riƙewa.

Ranar kasuwa mijinta Zailani, malamin makarantar sakandare, ya tayar da tsohuwar motarsa suka nufi Mai'adua. A bakin kara suka yi ta tambaya, ba wanda ya san wani injiniya. Sai da Zailani ya ce wani dogon dattijo mai tabarau, sannan wani dillali ya kwashe da dariya.

"Au, Alhaji mai awon sa da tef? Ga shi can."

Suka same shi kuwa ya zagaya wa wani bajimi tef a ƙirji yana lissafi da baki. Da ya ɗago ya gan ta, ya saki tef ɗin.

"Hairu! Me ya kawo ki cikin kashin shanu?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa rahoton. Ya zauna a benci yana buɗawa a hankali har ya zo kan gadar da ta fi alfahari da ita, wadda ta zana kuma ta tsaya aka gina a kan wani rafi a ƙauyen Gidan Ɗantsoho, bayan Sandamu.

"Wannan ban san ta ba," in ji shi.

"Bayan ka tafi aka yi ta, Baba."

"To, 'yata, sa hannu shaida ce. Kwanaki alƙali ya kira ni kan rigimar wata saniya, ya tambaye ni ko da idona na gani. Na ce a'a, ya sallame ni. Saniya ma ke nan, balle gadar da mutane za su taka."

Ga shi kuwa lokacin rufe karɓar takardu ya matso. Amma kafin ta yi magana dattijon ya miƙe ya ƙwala wa direban motar da ake loda wa shanunsa kira. Ya ce yau Kano ta Gidan Ɗantsoho za a bi. Direba ya rantse hanyar ba ta ɓullewa. Alhaji ya ce ya sani, a je a dawo.

Haka suka jero, motar Zailani a gaba tana tari, motar shanu a baya tana gurnani, suka ratsa Daura suka wuce Sandamu, gero ya yi kore shar hagu da dama. Da suka isa, mutanen ƙauye suka fito kallo. Wata tsohuwa ta gane Khairunnisa, ta kama hannunta tana ba Alhaji labarin yadda a da, in rafin ya kawo, mai naƙuda sai dai a haye da ita a kan ƙofa.

Alhaji ya naɗe ƙafar wando ya gangara. Ruwan bai wuce idon sawu ba. Ya ƙwanƙwasa kankare, ya tambayi kaurin rodi, ya tambayi inda ta samo yashi da yadda ta ƙiyasta ruwan da rafin ke kawowa. Tana amsawa, yana gyaɗa kai. Can ya tsaya a gefen gabas, inda ruwa ya fara cin ƙasa a gindin bango.

"Wannan fa?"

"Kuskurena ne, Baba. Ban zaci ruwan gonaki zai faɗo ta nan ba. An kawo duwatsu, za mu jera."

"Yana cikin rahoton?"

"Ban sa ba, Baba."

"Ki sa shi. Gyaran ma aiki ne." Sannan ya nuna ƙarƙashin gadar. "Shiga nan ki tsaya. Mota za ta hau."

Zailani ya zaro ido. "Alhaji, matata ce fa, ita kaɗai gare ni!"

"Ni ma ni kaɗai ne a wurin tawa matar," in ji Alhaji, ya sunkuya ya shiga ya tsaya kusa da ita.

Khairunnisa ta tattare hijabinta, takalmin roba cikin ruwa. Ta san lissafinta daidai yake, amma da ta ji injin ya taso, shanu suna buga ƙaho a jikin katako, sai da ta ɗaga kai ta kafa wa kankaren ido. Motar ta hau, ta tsaya a tsakiya kamar yadda aka ce, ta wuce. Ko ƙwayar yashi ba ta zubo ba. A sama kuwa Zailani ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Suna fitowa mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji ya goge hannu a jikin riga, ya ɗora takardar a kan bonet ɗin motar Zailani, ya sa hannu ya buga hatimi, wanda ashe yana aljihu ɗaya da goronsa.

Ta gyara rahoton, ta kai takardu a kan kari. Bayan kaka aka kira ta Kano. Ta rubuta jarrabawa da safe, da yamma ta zauna gaban dattawa uku da suka yi ta juya ta har ta manta da tsoro, ta shiga yi wa ɗayansu gardama a kan magudanar ruwa. Ta fito tana cewa ta kashe kanta da surutu. Zailani ya saya mata tsire ya ce ta bari sai an gani.

Sakamako ya iso ana cikin azumi, sunanta na ciki. Ta tafi gidansu da zumuɗi ta nuna wa mahaifiyarta, Inna Kande, takardar. Tsohuwar ta juya ta, ta sa mata albarka, sannan ta ce:

"To, yanzu kin zama ta gaske ke nan?"

"Na zama, Inna."

"Alhamdu lillahi. Zo ki duba mini katangar bayan gida, tun bara take karkata. Da na ce ba zan ba ɗan koyo ba."

Khairunnisa ta yi dariya har da hawaye. Ta ajiye jaka a kan turmi, ta bi bayanta.