Kujerar Baya

Shekara ashirin da uku Murray yana zama a kujerar baya, matarsa Noreen tana ta gaba, a cikin kayak ɗinsu, wato siririn kwalekwale mai cin mutum biyu. Babu tsibirin da ke tsakanin Ladysmith da Galiano da ba su zagaya ba. Na gaba aikinsa tuƙi kawai. Na baya shi ke da ƙarfen juya hanya da ke wutsiyar jirgin, in ya taka da ƙafar dama a yi dama, in ya taka da hagu a yi hagu. Murray bai taɓa ganin aibin wannan tsari ba. Ina zai gani, tunda shi ke takawa?

Kwatsam wata safiya suna karin kumallo, Noreen ta ajiye kofin gahawa ta ce tana son kayak nata na kanta, mai cin mutum ɗaya.

"Namu me ya yi miki?" in ji Murray.

"Bai yi min komai ba."

"To?"

"To ina son nawa. Ranar Asabar Curtis zai fito da jiragensa bakin ruwa, kowa ya gwada kafin ya saya. In kana so ka raka ni."

Curtis! Ba ta ce mai shagon kayak ba, ba ta ce mutumin nan na bakin gada ba. Curtis kawai, kai ka ce tare suka yi wasan ƙasa. Nan take Murray ya ajiye gurasar da ke hannunsa. Mutum ne ɗan shekara sittin da ɗaya, ya yi ritaya daga kamfanin katako, ya kuma gama tsara yadda sauran kwanakinsa za su tafi: shi a baya, ita a gaba, teku a ƙasa. Yanzu ga shi ana neman sauke shi daga jirgin gaba ɗaya, kuma har da sunan wani ƙato a cikin maganar.

Ranar Asabar suka isa da hantsi. Watan Afrilu ne, rana ta fito amma iska na yanka kunne. An jera jirage a kan tsakuwa, dogaye da gajeru, mutane na zagaya su suna ƙwanƙwasawa. Curtis na tsaye a tsakiya, shekara arba'in da wani abu, ga gemu ga kafaɗa, kuma sanye da gajeren wando a cikin wannan sanyi. Murray na ganin wandon ya ji ya tsani mutumin har cikin ransa.

"Noreen!" in ji Curtis. "Na ɓoye miki koren jirgin nan, tun safe ake nema na hana." Sannan ya miƙa wa Murray hannu. "Yallaɓai, kai ne Murray ke nan? Mai kujerar baya! Ka san irin jirginku, mu nan jirgin sakin aure muke ce masa. Shekara ashirin da uku kuna ciki ba ku rabu ba, ai sai a ba ku lambar yabo."

Mutanen da ke kusa suka kwashe da dariya, har da Noreen. Murray ko murmushi bai yi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, wa ya gaya wa wannan mai gemun shekarunsu?

Aka fara gwaji. Noreen ta shiga koren yana nan a kan tsakuwa, Curtis ya durƙusa a gefe, ya zura hannu ciki har kafaɗa yana matsa mata matakin ƙafa.

"Taka mu gani. Gwiwa ta kama sama? Yauwa. Kayak ba shiga ake yi ba, sawa ake yi kamar wando. In ya yi miki yawa, shi zai yi abin da ya ga dama da ke."

Ya ɗauko soso ya cusa a gefen ƙugunta, ya ciro, ya yanke, ya sake cusawa. Murray yana tsaye a kansu, hannu a aljihu, idonsa kyam a kan hannun nan.

"Malam, wannan ƙarfen ai ni ma zan iya matsa mata."

"Mur," in ji Noreen, ko ɗago kai ba ta yi ba, "je ka sha gahawa."

Bai je ba. Ya zagaya ya samo wani ja mai faɗi, mai ƙarfen juyawa a wutsiya, ya dage sai ta gwada shi. A ransa yana cewa in dai sai ta saya, to ta sayi wanda ba zai yi nisa da ita ba. Ta shiga don ta rabu da mitarsa, ta ɗan zaga gaban gada ta dawo.

"Kin ga ko motsi ba ya yi," in ji shi.

"Ai shi ya sa. Bahon wanka ne wannan."

Curtis ya sa baki, wai jirgin da ke zama daram a kwantaccen ruwa shi ke fara jefar da mutum in igiya ta taso daga gefe, siririn da ke rawa kuwa bin igiyar yake yi. Murray ya ce bai tambaye shi ba. Ya nuna wutsiyar koren da ƙafa.

"Wannan ko abin juyawa babu. Da me za ta juya shi? Da addu'a?"

Noreen ta koma cikin koren. Ta ɗaure rigar ceto, ta ja siket ɗin roba mai hana ruwa shiga ta rufe bakin jirgin, ta tura kanta cikin ruwa. Da ta yi ɗan nisa sai ta karkata ƙugu, gefen jirgin ya nutse kamar zai kife, Murray ya buɗe baki zai yi ihu, sai ga koren ya yi kwana sumul ya dawo yana fuskantar gaɓa. Ta sake karkatawa ɗaya gefen, ya sake juyawa. Curtis ya shiga nasa ya bi ta, suka jera kafaɗa da kafaɗa suka nufi wani dutse da ke tsakiyar ruwa. Ya faɗi wani abu, ta jefa kai baya ta yi dariya, iska ta kawo dariyar har kunnen Murray.

Kishi ya turnuƙe shi, irin wanda rabonsa da ji tun suna samari. Wata mata da ke tsaye kusa da shi riƙe da kofi ta ƙara masa da nata.

"Kai, matar can ta iya! Da gani ita da mijinta sun daɗe suna yi tare."

Shi ke nan. Murray ya fizgi rigar ceto daga tarin da ke ƙasa, ya ja wani fari siriri, ƙanen koren, ya cusa kansa ciki ya rufe siket. Curtis ya hango shi daga nesa ya ɗaga filafili.

"Yallaɓai! Jira in zo in daidaita maka!"

"Shekara ashirin da uku ina tuƙi!" in ji Murray, ya tura.

Tun bugun farko ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa. Jirgin sai ɓari yake a ƙarƙashinsa, ko numfashi ya ja sai ya motsa. Amma ƙarfi yana da shi, ya danna filafili, farin ya tsaga ruwa kamar wuƙa. Ya kusa cim musu ke nan suka yi dama za su zagaya dutsen. Murray ya taka ƙafar dama.

Babu abin da ya faru.

Ya sake takawa. Jirgin ya miƙe sambal abinsa. Da bakinsa fa ya gama cewa irin wannan ba shi da abin juyawa, amma ƙafar da ta yi shekara ashirin da uku tana ba da umarni ina ta san da wannan magana? Ya taka da dukkan ƙarfinsa, ya bi ƙafar da kafaɗa, ya bi da kai. Daidai nan igiyar wani jirgin masunta da ya wuce ta iso daga gefe. Sama ta koma ƙasa.

Wayyo, sanyi! Ruwan ya kama masa kai kamar an matse da ƙarfe. Ya laluba ya samu madaukin siket ya fizge, ya fito yana kakari yana tofar da gishiri. Abin da ya fi tsoro a lokacin ba mutuwa ba ce. Tsoronsa mai gajeren wandon nan ya zo ya tsamo shi a gaban matarsa.

Hancin jirgin da ya iso kansa kore ne.

"Kada ka saki filafili," in ji Noreen. Muryar ba irin ta gida ba ce. "Koma wutsiyar jirginka. Wutsiya na ce, Mur! Danna ƙasa."

Ya danna. Ta kama hancin farin ta jawo shi kan cinyarta yana kife, ruwan ciki ya zube, ta birkice shi, ta jera shi da nata, ta kwanta a kai ta riƙe gam.

"Hau da ciki. Kada ka miƙe, ja jiki kamar kada. Sa ƙafa ɗaya. Ɗayar. Juyo a hankali, ta wajena."

Kafin ya gama gane me ke faruwa yana zaune a cikin jirgi, ruwa na zuba daga hancinsa. Ko minti biyu ba a yi ba. Curtis yana can gefe, filafili a kan cinya, bai ko tsoma hannu ba. Sai ya tafa.

"Noreen, wannan ya fi na Talatar da ta wuce! Kuma da mutum mai nauyi!"

Noreen ta harare shi. Curtis ya dubi fuskarta, ya dubi ta Murray, ya ce bari ya je ya duba masu gwaji a bakin gada, ya ja jirginsa ya ba su wuri.

Talata. Tun kaka, duk Talata da yamma Noreen ke ɗaukar jaka ta ce ta tafi motsa jiki na mata a wurin ninkaya na gari. Shi da kansa yake ɗumama mata miyar kifi kafin ta dawo.

Jiragen na manne, nata na kallon teku nasa na kallon gaɓa, don haka suna fuskantar juna. Haƙoransa na haɗuwa, amma sai da ya fitar da maganar.

"Motsa jikin mata, ko?"

"Mu bakwai ne. Biyar mata."

"Shi ke koya muku."

"Shi ne."

"Noreen, dube ni. Gaya min gaskiya. Saboda shi ne?"

Ta dube shi, sannan ta fashe da dariya, irin mai ɓacin rai a ciki.

"Curtis? Haba Mur! Yaron da na girma da shekara goma sha biyar, mai warin roba? Abin da ke cin ka ke nan tun safe?"

Ya kamata hankalinsa ya kwanta. Ina! Sai ma abin ya ƙara yi masa zafi. Da namiji ne, da ya san wanda zai shaƙe.

"To me ya sa kika ɓoye min?"

"Da na faɗa, da ka biyo ni ka zauna a bakin ruwa kana gaya min yadda ake yi." Ta gyara riƙon da ta yi wa jirginsa. "Ka tuna bara, bayan tsibirin Wallace, lungun nan mai farin yashi? Sau uku ina ce maka mu yi hagu in gani. Ka ce to, ka taka dama. Ba ranar kaɗai ba, Mur. Ni ke gaba, ni ke fara ganin komai, ni ke shan igiya a fuska, amma ban taɓa zuwa inda idona ya so ba sai in ya dace da ƙafarka."

"Ai da kin yi magana."

"Magana nake yi. Ƙeyata kawai kake gani, ba ka ji."

Murray ya sauke ido. Ya dubi hannuwanta da suka riƙe bakin jirginsa, sun yi ja don sanyi, ba sa ko rawa.

"Sai mu musanya," in ji shi da sauri. "Ki koma baya, ki riƙa takawa. Na yarda."

"Ba na son in juya kowa. Wannan zan saya." Ta shafa koren da tafin hannu. "Ba gudunka nake yi ba. In ka koya, mu jera. In ba ka koya ba, ka jira ni a gaɓa da gahawa, zan dawo."

Murray ya sunkuyar da kai. Shi da ake tambaya labarin igiya da iska a kantin gari, yau shi za a sa a ruwan ninkaya ana nuna masa yadda ake karkata ƙugu. Ya daure ya ɗago.

"Talatar," in ji shi a hankali. "Ƙarfe nawa ake farawa?"

Noreen ta dube shi. Akwai tausayi a idonta, ya gani, har ya fara sa rai.

"Talata tawa ce, Mur," ta ce. "Akwai ajin 'yan koyo ranar Alhamis. Ka tambayi Curtis."

Ta daidaita masa hancin jirgin ya kalli gaɓa sosai, ta ce ya tafi a miƙe ya canza kaya kafin sanyi ya kama shi, kada kuma ya taka komai. Sannan ta ɗauke hannunta daga jirginsa.