Mawaƙin da Ya Tsufa a Cikin Faifai

Wilfred Entwistle ya yi imani da abubuwa da dama da babu wanda ya taya shi yarda da su a garin Darwen. Ya yarda tantabaru suna gane ranar Lahadi. Ya yarda ruwan saman da ke zuwa daga wajen teku ya fi na kan tudu jiƙa mutum. Amma babban abin da ya riƙe, wanda ya sha faɗa a kulob ɗin tsofaffin ma'aikatan masaƙa har mutane suka haddace, shi ne wai murya tana tsufa a cikin faifai.

Kuma yana da hujja a falonsa. Wani garmaho ne irin wanda ake wanawa da hannu, surukinsa ya ba su ana saura mako guda ɗaurin aurensa da Mavis, tare da fayafayai goma sha ɗaya na wani mawaƙi Ba'amurke mai suna Dell Harrigan. Shi Harrigan bai taɓa tsara waƙar kansa ba. Waƙoƙin kowa da kowa yake ɗauka, irin waɗanda mai kawo madara ke fito da su da safe, na wata da ruwan sama da budurwar da jirgin ƙasa ya tafi da ita. Mawaƙa ɗari sun rera su kafin shi. Amma idan ya buɗe baki, sai ka ji kamar ya jawo kujera ya zauna kusa da kai, kai kaɗai yake gaya wa. Ba ya ɗaga murya. Makaɗa su yi gaba, shi yana biye da su a baya kaɗan, kamar mutumin da ya san ba za a rufe ƙofa ba sai ya shiga.

Kowace Lahadi bayan cin abincin rana, Wilf ya tura tebur jikin bango, ya naɗe darduma, ya sa sabuwar allura, ya wana garmaho. Mavis ta cire rigar girki. Su yi rawa har waƙa guda ta ƙare, sannan a ɗora ruwan shayi. Shekara hamsin ke nan saura kwanaki.

"Da muka yi aure muryar saurayi gare shi," in ji Wilf a kulob, yana juya kofin giyarsa a kan tebur. "Yanzu ku zo ku ji. Ta yi kauri, ta natsu, ba ya gaggawar komai. Mutumin nan ya rasu shekara talatin ke nan, amma a gidana yana nan yana tsufa tare da mu."

"Kunnenka ne ya tsufa, Wilf," in ji ɗaya.

"Ka duba da kyau ko ya fara furfura," in ji wani.

Wilf ba ya jin haushi. Murmushi kawai yake yi, irin na wanda ya ga abu da idonsa.

Bikin cikar aurensu shekara hamsin an sa shi ranar Asabar da rana, a zauren coci. 'Yarsu Lorraine ta gayyaci mutum tamanin. Mavis kuwa, wadda aka yi wa tiyata a ƙugu bara, kuma tun daga nan ba ta fita sai da sanda, ta yi alkawari a gaban ƙawayenta: ranar nan za ta ajiye sandar ta yi rawa da mijinta a tsakiyar zaure, daga farkon waƙa har ƙarshenta, kowa yana gani. Ta daɗe tana lissafin wannan rana. Har sababbin takalma ta saya.

Ana saura kwana shida, Wilf yana cikin wana garmaho sai aka ji wani abu ya ce ƙas a ciki, hannun ya saki yana juyawa a banza. Sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya faifan, ya tsinke. Da safiyar Litinin ya lulluɓe garmahon da bargo, ya sa shi a tsohon keken jarirai na Lorraine, ya tura shi har shagon Cyril Duckworth mai gyaran agogo, abokinsa tun suna makaranta. A hanya mata biyu suka leƙa don su ga jaririn.

Sai ranar Juma'a aka gama gyara. Wilf ya je da faifan da za su yi rawa da shi a hamatarsa.

"Ga ɗanka nan, ya warke," in ji Cyril, yana share hannu da tsumma. "Na sa masa sabon sifirin, na wanke masa datti na shekara hamsin, na zuba mai. Gwada ka ji."

Wilf ya ɗora faifai, ya sauke allura. A cikin faifan masu goge suka shigo da gudu kamar an biyo su. Sai murya ta taso, siririya, mai haske, tana tsalle a kan kiɗa.

Wilf ya ɗage allurar da sauri.

"Wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne? Mutuminka ne mana."

"Wannan yaro ne! Cyril, me ka yi masa?"

"Gyara na yi masa."

"Ka kashe mini mutum dai. Na kawo maka dattijo, ka maido mini da ɗan makaranta." Ya zauna a kan wata kujera mai ƙafa uku, ya cire hularsa. Abin da ya fi tsaya masa a rai ba muryar ba ce ma. Ya ƙirga bugun kiɗan da ƙafarsa, ya san Mavis ba za ta iya bin wannan gudun ba. Ko taku goma ba za ta yi ba ƙugun zai hana ta, a gaban mutum tamanin. "Gobe ne fa, Cyril. Gobe da ƙarfe biyu."

Cyril ya dube shi ta saman tabarau. Sannan ya yagi 'yar takarda ya maƙala a ƙarƙashin faifan, bakinta ya leƙo waje, ya ɗauko agogon aljihu.

"Zo ka ƙirga da kanka. Duk lokacin da takardar nan ta wuce gabanka, ɗaya ke nan."

Suka ƙirga tare, tsofaffi biyu kai a sunkuye, agogo arba'in suna ta surutu a bango. Minti guda ya cika a kan saba'in da takwas.

"Haka aka yi shi ya juya," in ji Cyril. "Da ka kawo shi kuwa, ba zai wuce sittin da takwas ba. Ka san wannan? Shi ke saita gudun faifai, can ƙasa na same shi na maido shi tsakiya." Ya nuna wani ɗan ƙarfe kamar harshen agogo a gefen farantin da ke juyawa.

"Na san shi. Surukina ya ce kada in kuskura in taɓa, ban kuwa taɓa taɓawa ba."

"To wani ya taɓa. Karɓi."

Ya miƙa masa gilashin da yake duba cikin agogo da shi. Wilf ya kafa a ido ya sunkuya. A jikin katakon, inda ɗan ƙarfen ke bi idan an ture shi, akwai ɗige-ɗige a jere, kowanne bai fi kan allura ba. Na farko, wanda ke daf da tsakiya, ya dafe ya koma launin ƙasa. Na biye da shi ja ne. Akwai ruwan hoda guda biyu, akwai wani ruwan lemo mai kashe ido. Guda tara. Na ƙarshe, can ƙasa, har yanzu yana sheƙi.

"Fenti ne?"

"Jan farce ne, sakarai. Sai dai in kai ke shafawa ban sani ba."

Wilf ya ajiye gilashin. Can ya ce, "Sake sa mini shi. Yadda yake ɗin."

Wannan karon ya saurara har ƙarshe. Da aka kai tsakiyar waƙar, inda Harrigan ke ja da numfashi kafin ya ambaci sunan yarinyar, sai Wilf ya ji wani abu da ya manta da shi ɗungurungum: dariya ce a cikin muryar. Ba a fili ba, can a ƙasan kalmomin, kamar yaron yana waƙar rabuwa amma ya san za ta dawo. Wilf ya tuna ya taɓa sanin wannan dariyar. Ya tuna falon surukinsa, da ƙamshin man gashin da ya labta a kansa, da kwat ɗin aro da ta matse shi a kafaɗa.

"Kai, yaron nan ya iya waƙa," ya ce a hankali.

"Ɗazu ka ce ɗan makaranta ne."

"Ɗan makarantar da ya iya waƙa."

Ya tarar da Mavis a kicin tana guge masa farar rigar gobe. Ya ajiye garmahon a kan tebur, ya buɗe murfin, ya ɗora yatsa kusa da ɗige-ɗigen.

Mavis ta leƙa. Ta ci gaba da gugarta.

"Cyril da bakinsa," ta ce.

"Tara, Mavis."

"Goma ne. Ɗaya ya goge."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da Baba ya kawo shi. Ka manta yadda kake rawa a lokacin? Kamar dokin da ke jan keken gawayi. Sau huɗu ka taka ni a waƙa guda, ga biki saura mako. Da ka fita shan iska na ɗan ture shi kaɗan, ka dawo ka ce, 'Kin gani, na fara iyawa.'"

"Ai na fara iyawa!"

"Ka fara, tsoho, ka fara." Ta juya rigar ta kama kwala. "Ja ɗin nan ina da cikin Lorraine. Ruwan lemon, shekarar da injin masaƙa ya buge maka gwiwa, kana cije baki kana cewa ba ta ciwo. Na ƙarshen nawa ne, na ƙugu. Nakan sa alama ne saboda in na zo shara kada in ture shi in rasa wurin."

Wilf ya zauna. Ya ji kamar an karɓe masa wani abu daga aljihu. Shekara ashirin yana ɗauke da abin al'ajabi guda da babu mai irinsa a duk yankinsu na Lancashire, ashe da tsintsiya da kwalbar jan farce aka yi shi.

"Kina ji ina ba mutane labari a kulob, ba ki ce mini komai ba?"

"In ɓata maka labari? Kai kana jin daɗin faɗa, su suna jin daɗin yi maka dariya. Wa aka cuta?" Ta jingine dutsen guga, ta dube shi sosai. "Kuma ƙarya ka yi musu? Bai tsufa tare da mu ba?"

Wilf ya jawo garmahon gabansa. Ya sake duban ɗige-ɗigen, daga mai launin ƙasa har zuwa mai sheƙi. Sai dariya ta kama shi, tun yana dannewa har ta fi ƙarfinsa, ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa suna rawa. Mavis ta jefe shi da safa.

"Ɓarauniya," ya ce yana share ido. "Shekara hamsin ina kwana da ɓarauniya."

"Tashi ka gwada rigarka."

Ranar Asabar zauren ya cika. An jera tebura da nama a cikin burodi da kek mai hawa uku, tukunyar shayi tana ta tururi a kusurwa. Cyril ya ɗora garmahon a kan kujera a gaban mutane, ya karkato da makirufo wajen bakin garmahon. Da ƙarfe biyu Mavis ta miƙa wa Lorraine sandarta. Wuri ya yi tsit.

Wilf ya matso kusa da kunnenta. "Ɗan ƙarfen yana tsakiya, ban mayar da shi ƙasa ba. Ina so ki ji yaron, ko na taku biyar ne. In ya isa ki faɗa."

"Za ka karya ni a gaban jama'a."

"Ina riƙe da ke."

Allura ta sauka. Masu goge suka kwaso da gudu, muryar saurayin ta cika zauren, sai ga Mavis ta ɗaga kai kamar an kira sunanta daga nesa. Suka ɗauka. Taku ɗaya, biyu, uku, siket ɗinta har ya ɗan tashi. A na bakwai Wilf ya sauke ƙafarsa gaba ɗaya a kan sabon takalminta.

"Wayyo! Ka ga abin da nake faɗa!"

Ba ta sake shi ba. Ta jawo shi da baya da baya har wajen kujerar, ta miƙa hannu a gaban mutum tamanin, ta ture ɗan ƙarfen har ƙasa. A cikin numfashi guda saurayin ya zama dattijo. Muryar ta sauko, ta yi kauri, ta zauna daram, makaɗa suka rage gudu kamar sun ga babba ya shigo.

'Yan kulob suka fara ganewa. Wani ya buga tebur ya ce, "Ga shi nan ya tsufa a gabanmu! Wilf, mun yarda!" Zauren ya ɓarke da dariya da tafi.

Su biyun ba su ji ba. Sun riga sun koma tsakiya, kuncinta a kafaɗarsa, suna tafiya a hankali a bayan kiɗan. Ta zaga zauren sau biyu ba ta nemi sanda ba. Da waƙar ta ƙare allura ta shiga karce-karce a ƙarshen faifan, Mavis tana haki, fuskarta ta yi ja, ta ɗago hannu ta yafuto Cyril.

"Me kake jira? Juya ɗaya gefen."