Mai Gadin Sheƙar Shaho

Mutlak mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. To, balle ka taɓo masa zancen sheƙar shaho.

A dutsen da ke yamma da rijiyarsu akwai wani kogo can ƙololuwa, inda shaho ke yin ƙwai duk ƙarshen sanyi. Sheƙar ta gidansu ce tun kaka da kakanni, ga tarin duwatsu nan a gindin dutsen ɗauke da tambarin raƙumansu. Ba a hawa sai 'ya'yan sun yi gashi, a ɗauki ɗaya a bar wa uwar saura don ta dawo baɗi. Da wannan sheƙa aka san gidan, kuma Mutlak ya fi son ta da haƙoransa da suka rage.

Ran nan mijin ƙanwarsa, Sayyah, ya zo shan gahawa. Yana tauna dabino ya dubi Mutlak ya ce, "Baban Turki, wai me ya sa muke ce wa sheƙar shaho makar?"

Mutlak ya tsaya da butar gahawa a hannu. "Kai da ko kaza ba ka kiwo?"

"Tambaya ce kawai."

"Daga kalmar wakar aka samo ta, wato inda tsuntsu ke sauka ya natsu. Shi ya sa in za a yabi mutum ake cewa daga makar na kirki ya fito. Wuri ne da hannu ba ya kaiwa. Ka ji da kyau?"

"Na ji. Bana ta yi ƙwai kuwa?"

Shi ke nan, gahawar ta fita ran Mutlak. Baƙo na juya baya ya ce wa matarsa Wadha, "Kin ji ɓarawo da kunnenki?"

"Sayyah da ke jin jiri a bayan raƙumi, shi zai hau dutse?"

"Ba shi da 'yan'uwa masu ƙafa?"

"Allah ya shirye ka, tsoho."

Washegari ya kwashi bargo da igiya ya tare a gindin dutsen. Ya hura wuta don kowa ya hango hayaƙi ya san akwai mai gadi. Kowane makiyayi ya gifta, ɗan saƙon Sayyah ne. Da ya ga wani dutse kamar an gusar da shi, sai zuciya ta ce masa an riga shi. Ya san ba a hawa yanzu, shi da ya sha zagin wasu a kan haka. Amma dai leƙe ɗaya ai ba komai. Ya hau, ya tarar da ƙwai uku da ɗuminsu, uwar tana shawagi a kansa tana ta ƙara.

Ƙarar nan ma ba ta kwanta masa ba. Tsuntsuwa ta firgita haka, ai wani ta gani! Sai ya sake hawa ya tabbatar. Daga nan abin ya zame masa jiki, ba ya iya karya kumallo sai ya ƙirga ƙwai.

Wata hantsi Sayyah ya iso da gurasa da nono da Wadha ta aiko shi da su. Mutlak ya harare shi, ya ƙi karɓa. Sayyah ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama.

"Baban Turki, ina uwar?"

Sai a lokacin Mutlak ya ji shirun. Tun yaushe rabon da ya ji ƙararta? Ya kama igiya ya hau. Ƙwan na nan yadda ya bar su, ƙura ta hau kansu. Ya taɓa ɗaya ya ji shi sanyi ƙalau. Ya bi bakin kogon da ido yana neman sawun wani, yana roƙon Allah ya samu ko guda. Duk nasa ne.

Daga ƙasa Sayyah ya ɗaga murya, "Sun cika?"

Mutlak ya zauna a bakin kogon, ƙwan a tafin hannunsa.

"Sun cika," ya ce.