Yadda Sabo Tela Ya Je Sham

Shekara goma sha bakwai Sabo tela ya yi a Makka ba shi da takarda ko ɗaya. Da ƙafa ya zo daga Gwadabawa, ya sauke farali, ya ga wuri ya zauna. Ya kafa kekensa a unguwar Misfala, ya auri Ramlatu haifaffiyar gari, kuma ranar neman aure ya ce wa iyayenta iƙamarsa, wato takardar zama, ta fito tuni. Ƙaryar yini ɗaya ce, sai ta yi jijiya.

Bayan Hajjin 1965, alhazai sun watse, kasuwa ta yi sanyi, sai Dauda ƙanen Ramlatu, direba mai takardar ɗan ƙasa, ya haɗa tafiya. Mutum goma sha uku a mota guda zuwa Sham, su ga kufan Rumawa a Jarash da Ba'albak, su gangara Saida da Sur a bakin teku su sha iska. Ana shan shayi ana lissafa masu zuwa, wani ya ce, "Sabo kam iyakarsa Tan'im, nan bakin Makka." Aka kwashe da dariya. Bakin Sabo ya riga hankalinsa.

"Dauda, sa sunana."

A zatonsa tafiyar za ta wargaje. Ba ta wargaje ba. Ramlatu ta yi dambun nama cike da gwangwani, ta wanke masa riguna, ta gaya wa duk matan layinsu. Ran tafiya maƙwabta suka raka shi har Kudai, inda motar za ta tashi.

A jikin mota Dauda ke karɓar fasfo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Sabo, Sabo ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya koma na dama. Dauda ya dube shi, ya dubi 'yan rakiya, ya sassauta murya.

"Yaya Sabo, babu ne?"

"Babu."

"Tun yaushe?"

"Tun fil azal."

"Ɗayyib. Shiga, na sauke ka a gaba."

Ya shiga, har da ɗaga wa mutane hannu ta taga. Da suka fita daga unguwar Dauda ya tsaya, ya ce masa ya koma gida ya faɗi gaskiya, ba a mutuwa da ita. Sabo ya ce gara ƙasa ta tsage ya shige. Zai zauna Mina wurin abokinsa Yunus mai gadin tantuna, in sun dawo a biyo ta kansa. Ya sauka da akwatinsa, mutum goma sha biyu na kallon ƙeyarsa.

Kwana ashirin da uku ya yi a Mina. Babu kowa a kwarin sai duwatsu da awakin Larabawa da rana mai narka ƙwaƙwalwa. Yunus bai tambaye shi komai ba, ya dai ba shi tsummokaran tantuna yana ɗinkewa. Duk ya buɗe gwangwanin dambu sai ya mayar da murfin, ya ture shi gefe.

Da motar ta dawo, Dauda ya biyo. A hanya matafiya suka yi ta ba shi labari don ya haddace: ginshiƙai shida a Ba'albak, kowanne mutum huɗu ba sa zagaye shi da hannu, titin dutse a Jarash har da sawun kekunan doki, masu sayar da kifi da sabulu a Saida. Dauda ya cusa masa sabulu biyu a aljihu, ya ce tsarabar Ramlatu. Kirkin nan nasu ya fi masa zagi ciwo.

Da la'asar aka taru a gidan surukinsa, Baba Mailafiya, dattijon da idonsa ya rufe shekara biyar. Ana ta miƙa hoton da aka ɗauka gaban ginshiƙan. Wani maƙwabci ya ƙura ido.

"Ina Sabo a nan?"

"Shi ya ɗauka," in ji Dauda, bai ko ƙifta ido ba.

Sabo ya ja numfashi, yana zaton ya tsira. Sai tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Sabo, su waɗannan yaran surutu ne da su. Kai ne mai natsuwa. Na so in ga gidajen mutanen da suka shuɗe kafin in mutu, Allah bai nufa ba. Ara mini idonka. Da ka tsaya a gindin ginshiƙin nan, me ka ji a ranka?"

Sabo ya buɗe baki, ginshiƙai shida na kan harshensa, ga hannun tsoho cikin nasa.

"Baba, ban je ba. Ina Mina. Ba ni da iƙama, ban taɓa samu ba. Abin da na gaya muku ran neman aure ƙarya ne."

Ya ji ƙarar faɗuwar faranti ta bayan labule, inda mata suke. Baba Mailafiya bai saki hannun ba.

"Ka ci amanata," ya ce. "Amma 'yata ka fi cuta. Tashi ka je gare ta."

Ramlatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara goma tana barci hankalinta kwance, ashe kowace safiya za a iya kama shi a kasuwa a jefa shi jirgi, ita da yara su wayi gari ba su san inda yake ba. Ya ajiye sabulun a gabanta, ta ce ya mayar wa mai shi. Sati biyu tana ajiye masa abinci ba ta zama.

Dauda ne ya yi ta zirga-zirga da shi har wani attajirin yadi ya yarda ya tsaya masa, takardar ta fito bayan wata takwas. 'Yan Misfala kuwa suka laƙa masa suna Ɗan Sham. In an kira shi da shi a shago, yakan amsa, kansa a sunkuye kan keke, ya ci gaba da ɗinki.