Birkin Keken Baba

Ni fa ranar ko ɗankwali ban tsaya ɗaurawa da kyau ba. Lukuti ta taka. 'Yata ke nan, ta shekara da watanni tana jan gindi, har mata sun fara yi min magana a kaikaice. Ina cikin wanke-wanke na juya na ganta ta saki bokiti, ta taho wurina tana tangaɗi tana dariya. Na saɓe ta a baya, na haura gangare zuwa gidanmu, don Baba nake so ya fara ji.

Baba mai gyaran keke ne tun kafin a haife mu. Shagon yana jikin gida, amma yanzu Yaya, babban wanmu, ke riƙe da shi, tun da sanyin ƙashi ya kanannaɗe wa Baba yatsu. Bara yana saukowa gangaren nan zuwa gidana ya kasa matse birki, ya faɗa kwata, goshinsa ya fashe. Daga ranar aka rataye keken a bango. A ƙasa gwiwoyinsa ba sa kai shi gidana, kuma ya ce ba mai ɗora shi a bayan babur kamar buhu. Shi ke nan bai sake zuwa ba.

Da na shiga shagon sai na ga an sauko da keken, an kifa shi, tayoyi a sama. Yaya a tsugune, Baba a kan benci.

Na ce, "Baba, albishirinka."

Ya ce, "Auta, matsa, kin tare haske."

Ashe sabon birki ya sa aka sayo masa, irin mai hannu biyu ɗin nan, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowanne yana zama a kan ɗan ƙarfen da aka yi wa walda a jikin firam. An ce masa yana da laushi, ko yaro ya taɓa sai ya kama.

Yaya ya juya tayar gaba, ta ƙi juyawa. Robobin birkin sun riga sun manne da rim, ƙarfen tayar, tun ba a matsa ba.

"Ka gani ko, Baba? Firam ɗin tsohon yayi ne, ƙarafunan sun yi kusa da juna. Wannan birkin don na zamani aka yi shi. Ba zai shiga ba."

"Ba zai shiga ba," in ji Baba, yana kallonsa.

"Wallahi na gwada."

"Ban ce ka rantse ba."

Yaya ya goge hannu a jikin wando, ya ce zai je ya karɓo tayoyi a kasuwa. Ko Lukuti bai taɓa ba, shi da kullum sai ya ja mata kunci. A bakin ƙofa ya yi min ido, ni kuma na ɗauka cewa yake in ba shi hanya.

Na kwance goyo na ce, "Baba, amaryarka fa ta taka. Da ƙafarta. Daga bokiti har wurina."

Sai a lokacin fuskarsa ta saki. "Ke, da gaske? Sauke ta mu gani."

Na tsayar da ita, ta zauna daɓas. Na sake, ta sake zama, ta ɗauki noti za ta kai baki. Wallahi kamar in yi kuka.

"A gida take yi, Baba. Nan ba ta saba ba. Da za ka zo ka gani."

Ya juya ya kalli keken. Can ya ce, "Ɗauko ƙaramar sifanar can."

"Ni? Ni da ko zare ban iya sa wa a allura ba?"

"Bakinki dai ya iya aiki. Tsuguna."

Ya sa na kwance notin da ke riƙe da robar. Ashe a kan sandar robar akwai wosha biyu, 'yan zobban ƙarfe, mai kauri da siririya. Mai kaurin tana ciki, ita ke tura robar kan rim. Ya ce in musanya su, siririyar ta koma ciki. Na yi na dama, na yi na hagu. Ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin benci, na shiga nema, na fito da yanar gizo a ka, har ya ɗan yi dariya. Sannan ya nuna min 'yan ramuka a gindin ƙarfen, ya ce in mai da bakin sifirin da ke buɗe birkin cikin na tsakiya. Na ja wayar birkin, na ɗaure.

Na juya taya. Ta yi ta juyawa, shiru, ba gugar komai. Na matsa birki da yatsa biyu, ta tsaya cak.

Na ce, "Lah, Baba, ya shiga. To Yaya bai san wannan ba ne?"

"Yana ƙaramin yaro na koya masa."

Sai da ya faɗi haka na gane idon da Yaya ya yi min. Ashe da gangan ya ƙi gyarawa don kar Baba ya hau, amma aikin gama ya gama.

Muka juyo da keken. Baba ya miƙe da ƙyar, ya dafa sirdi, ya shafa shi. Bai hau ba. Ya tura shi zuwa ƙofa, inda daɓen ya ɗan gangara, ya ɗora yatsunsa a kan hannun birkin. Ina kallonsu. Sun lanƙwasa kaɗan, sun tsaya, suna rawa. Keken ya ci gaba da tafiya yana jan sa. Ya gwada ɗaya hannun, haka. Sai da tayar ta daki dokin ƙofa ta tsaya.

Na ce, "Ko wayar ce ban ja sosai ba? Bari in ƙara."

"Wayar lafiyarta ƙalau."

"To mai za a sa. Ko gobe, in rana ta yi zafi, ai yatsun suna saki."

Ya koma ya zauna, ya ɗora hannuwan a cinya yana kallonsu kamar na wani. Lukuti ta jawo gindi ta kama ƙafar wandonsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kifa shi. Ki mai da woshar nan yadda kika same ta, mai kauri a ciki. Yi sauri kafin yayanki ya dawo."

"Me zan ce masa?"

"Ba abin da za ki ce. Bakin nan naki, yau ki riƙe shi."

Na tsuguna na fara kwancewa. Hannuna duk baƙin mai, ga majina ta ishe ni, ba abin sharewa. Na gama na dama ke nan na ji ƙarar babur ɗin Yaya a bakin layi.