Mai Injin Ba Ya Nan

Zakariya na cikin ɗaure notin injin matsar man gyaɗa sai ya ji sunansa na tashi daga tsakiyar kasuwar Kore Mairuwa. Sanƙira ne, da lasifika a baki.

"Ku saurara, jama'a! Zakariya ɗan Hamsatu ya dawo daga Abijan da arziki! Ya kafa inji sabo fil, babu irinsa daga nan har Dogon Dutsi!"

Sifana ta suɓuce daga hannunsa. Innalillahi! Shekara da shekaru yana dako a Abijan, duk abin da ya tara a injin nan ya zuba shi. Gunduwa-gunduwa ya shigo da shi a amalanke, lulluɓe da karan gero, ya ce wa maƙwabta na wani Alhaji ne, shi gadi kawai yake yi. Ba rowa ba ce, tsoro ne. Bara ma Gado mai shagon siminti daga fentin shago mutanen daji suka san da zamansa. Suka zo a babur suka tafi da shi, sai da aka sayar da gonakin gidansu kaf kafin ya dawo.

Ga mahaifiyarsa Hamsatu ta shigo, ta sha sabon zane, baki har kunne.

"Ka ji ko? Ni na sa shi. Har goro na ƙara mishi."

"Haba Inna! Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Mi na yi? Ɗan wance ya sayi jaki an yi mishi kirari, nawa ya kafa inji in yi shiru? Gadi! Wai ɗana mai gadi ne! Matan unguwa har jaje suke min."

"Inna, ba matan unguwa kaɗai ke cin kasuwar nan ba."

Ta ja tsaki ta fita, wai za ta raba goro. Shi kuwa ya zuba wa hanya ido. Duk babur da ya wuce sai gabansa ya faɗi. Ya janyo tamfol ya rufe injin, ya shafa baƙin mai a rigarsa, ya sauke agogon hannunsa ya cusa cikin buhun gyaɗa.

Bayan azahar wani babur ya tsaya a ƙofar rumfar injin. Mutum biyu ne, sun naɗe fuska da rawani, bai taɓa ganinsu ba. Na bayan ya sauko, dogo, da jaka a rataye.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin Zakariya mai inji?"

Zakariya ya ja da baya. Idonsa na kan jakar.

"Ba ya nan. Ni yaron gida ne."

"Yaushe zai dawo?"

"Ya koma Abijan. Injin ma ya lalace, tsoho ne, fenti aka yi mishi."

Dogon ya sassauta rawaninsa, ya dubi abokinsa.

"Kash! Ka ji sanƙira da ƙarya ko? Daga garin Kiéché muke, ƙungiyar manoman gyaɗa ta aiko mu. Mun gaji da kai kaya nesa, muna neman wanda zai riƙa matse mana duk shekara. Yau muke son mu ƙulla magana. To, sai mu wuce Dogon Dutsi."

Zakariya ya ji kamar an doke shi a ƙirji. Aikin shekara guda cur! Abin da yake roƙon Allah kenan tun yana Abijan. Amma fa waɗanda suka ɗauke Gado su ma cewa suka yi siminti suka zo saye, har da taya farashi. Ya dubi fuskar mutumin da kyau. Fuskar manomi ce. To, su waɗancan ɗin wace irin fuska gare su?

Dogon ya hau babur, ya juyo.

"Samari, ko ka san wani mai inji a kusa?"

Zakariya ya buɗe baki. Sunansa na kan harshensa.

"Ban sani ba," ya ce.

Babur ya tashi. Ya bi shi da kallo har ya sha kwana, bai san ko tsira ya yi ko asara ba. Can cikin kasuwa sanƙira ya sake ɗaga lasifika, domin Inna ta biya shi har la'asar.