Ranar Tarihin Dangi a Makarantar Firdausi

Tun ranar da ɗana Tamimu ya auro Morin nake jin labarin marubucin nan. Ƙanen kakanta ne, ɗan ƙasar Ayalan, ya rubuta wani littafi aka mayar da shi fim tun zamanin da fim ba shi da kala. Hotonsa na falonsu a unguwar St. George, wani dattijo mai hular sanyi da fuskar wanda aka hana shayi. Duk taron da dangin Morin za su yi sai an kunna fim ɗin, a yi ta share hawaye. Ban taɓa jin haushi ba. Kowa da nasa, kuma yarinyar tana da kirki, har tuwo ta koya, ko da yake nata ana iya jifan kare da shi.

Ni ma ina da nawa. Kakana Madugu Tanko ya yi shekaru yana jan ayarin goro daga Gwanja zuwa Kano, kuma na san sunayen iyayensa har kakan kakansa. Ban taɓa zaunar da Tamimu na faɗa masa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle hira. Haka aka rene ni. Amma 'yarsa Firdausi, wannan ƙawata ce. Duk Asabar sai a kawo min ita gidana a titin Grand Concourse kitso, ina kitsa kai ina zuba mata sunaye, tana maimaitawa da wannan Hausar tata mai kama da ta mai mura.

Da ta ce min makarantarsu za ta yi ranar tarihin dangi, kowane yaro ya tashi ya faɗi asalinsa, sai na ji kamar an yi min albishir da Makka. Muka dage. Ta haddace sunayen tas, da labarin ranar da Madugu ya tsallake kogi da jakuna ruwa na kai musu wuya.

Ranar na sha lalle, na ɗaura atamfar da nake ɓoyo, na hau jirgin ƙasa na sauka na hau na ruwa. Na zauna a gaba, Tamimu da Morin suna gefe.

Firdausi ta fito. Aka haska hoton dattijon nan a bango. Ta faɗi garin da aka haife shi, da littafinsa, aka nuna ɗan guntun fim ɗin, wata mata na gudu a kan tudu. Na gyara zama, na ce yanzu za a zo kanmu. Sai na ji tafi. Yarinya ta koma kujerarta ba ta ko kalli inda nake ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya na zuba wa Morin ido, a zuciyata na gama yanke mata hukunci.

A bakin ƙofa ita ta fara tare ni, fuskarta ja wur. Ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi." Wallahin ma a bakina ta koya.

Ashe ba ita ba ce. Na tsaya ina kallon ɗan da na haifa yana danna waya kamar bai ji ba. Ba zan iya yi masa magana kai tsaye ba, sai na jawo Firdausi na ce, "Tambayi ubanki, me Madugu ya yi masa?"

Ta ɗaga kai ta kalle shi. Ya amsa mata da Turanci, ya manta na yi shekara ashirin a garin nan ina jinya a gidajen Turawa. Ya ce ta faɗa min malamarsu tana son abin da ke da shaida, littafi ko hoto. Ya ce namu labarin baka ne, ba wanda zai tabbatar. Sannan ya rage murya ya ce ba ya so a yi mata dariyar sunaye kamar yadda aka yi masa.

Firdausi ta ce, "Kaka, Daddy ya ce..."

Na ce, "Na ji shi."

Da baƙo ne ya ce kakana ba shi da shaida, da na wanke shi tas a wurin. Amma wannan goshin Madugu ne a fuskarsa, har tafiyar. Abin ya ci ni, na rasa inda zan sa kaina a cikin mutane.

Yarinyar ta ga idona ya cika. Ta matso ta riƙe gefen mayafina, ta fara jero sunayen a hankali, don ni kaɗai. Ta faɗi na farko, ta faɗi na biyu, ta wuce Madugu Tanko daidai ba gargada. Wasu iyaye biyu da ke wucewa suka waigo.

Tamimu ya dafa kafaɗarta ya ce, da Hausa wannan karon, "Ba a nan ba."

Ta dakata a nan. Sunan da ya rage a bakinta na mahaifina ne.